Tarken Wasiƙun Abul Ala'il Ma'arri da Da'id Du'ati a kan Barin Cin Nama

Tsakure

Muƙalar ta yi nazarin wasiƙu biyar da suka gudana tsakanin mawaƙi Abul Ala'il Ma'arri da Al-Mu'ayyad fid Din Ash-Shirazi a kan dalilin barin cin nama. Ta auna hujjojin ɓangarorin biyu da ma'aunin usuli, ta nuna cewa Ma'arri ya yi kuskure a hukunci amma ya dace a lura da azabar dabba, shi kuwa abokin muhawararsa ya dace a hukunci amma ya kafa shi a kan raunanan hujjoji.

Gabatarwa

An haifi Ahmad ɗan Abdullahi ɗan Sulaiman, wanda aka fi sani da Abul Ala, a garin Ma'arratun Nu'uman na ƙasar Sham a shekara ta 363 bayan Hijira (973 Miladiyya), ya rasu a can a shekara ta 449 (1057). Ciwon agana ya makantar da shi yana ɗan shekara huɗu. Bayan ya dawo daga Bagadaza a shekara ta 400 sai ya lazimci gidansa, ya laƙaba wa kansa sunan ɗaurarren gidajen kaso biyu, wato makanta da ɗaka. Ya bar cin nama da kifi da ƙwai, ya bar shan nono da zuma, ya kuma bayyana wannan ra'ayi a diwaninsa na Luzumiyyat.

Malamai sun daɗe da saɓani a kansa. Ibnul Jauzi ya lissafa shi cikin zindiƙai, Ibnul Adim kuwa ya wallafa Al-Insaf wat Taharri don kare shi. A zamaninmu Ɗaha Husaini ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a shekara ta 1914. Yau kuma masu da'awar ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba a ƙasashen Turai suna ɗaga sunansa a matsayin magabacinsu, wasu matasan Musulmi masu karatu a intanet suna karɓar wannan daga gare su. Wannan ya sa ya kamata ɗalibin ilimi ya koma ga asalin nassin ya ga abin da aka faɗa da yadda aka faɗe shi.

Yadda muhawarar ta gudana

Yaƙutul Hamawi ne ya adana wasiƙun a cikin Mu'ujamul Udaba, Baturen nan Margoliyos kuma ya buga su da fassara a shekara ta 1902. Uku na Al-Mu'ayyad ne, biyu na Ma'arri, kuma an yi su ne a ƙarshen rayuwar mawaƙin. Al-Mu'ayyad, wanda ya rasu a shekara ta 470, jigo ne a da'awar Isma'iliyya ta daular Faɗimiyyawa, har ya kai matsayin Da'id Du'ati, wato shugaban masu da'awa.

Shi ya fara buɗe magana. Ya riƙi wani baiti na Luzumiyyat inda mawaƙin ya kai kansa matsayin likitan masu ciwon hankali da addini, ya ce to ga shi ya zo a matsayin majinyaci, a ba shi magani: mene ne dalilin barin abin da Allah Ya halatta? Ya kafa hujja da jerin halittu, cewa tsiro yana amfana da ƙasa, dabba tana amfana da tsiro, mutum yana amfana da dabba. Ya ƙara da cewa Allah ne Ya halicci namun dajin da ba sa rayuwa sai da nama, don haka mai tausayin da ya wuce wannan yana riya cewa ya fi Mahalicci jinƙan halittarsa.

Ma'arri ya amsa da kawo tsufansa da rauninsa, sannan ya shiga mas'alar alheri da sharri da nufin Allah. Ya yi maganar raɗaɗin da dabba take ji, da baƙin cikin tunkiyar da aka yanka ɗanta. Daga ƙarshe ya kawo talauci: abin da yake samu a shekara dinari ashirin da 'yan kai ne, mai yi masa hidima yana ɗaukar rabonsa, sai ya taƙaita a kan ful da adas, dangin wake. Da Al-Mu'ayyad ya ji haka sai ya ce zai rubuta wa mai mulki a yalwata masa abinci. Ma'arri ya ƙi karɓa.

Raunin matsayin Ma'arri

Aibi na farko a wasiƙun Ma'arri shi ne rashin tsayawa a kan dalili ɗaya. Tausayi da talauci da zuhudu dalilai ne mabambanta, kowane da hukuncinsa. Wanda ya bar nama don babu ba shi da mas'ala da kowa, haka gidajen talakawa da yawa suke wuni da tuwo da miyar kuka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa akan ga jinjirin wata uku cikin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba, abincinsu dabino da ruwa. To amma da aka yi wa Ma'arri tayin yalwa ya ƙi, sai hujjar talauci ta faɗi da kanta. Wannan shi ne wuri mafi kyau a dabarar Al-Mu'ayyad, domin da tayi ɗaya ya raba dalilin gaskiya da na fakewa.

Aibi na biyu ya fi girma. A waƙarsa Ma'arri ya siffanta ɗaukar kifi daga ruwa da ƙwai daga tsuntsu da nono da zuma da zalunci. Suratun Nahli kaɗai ta ambaci waɗannan a jerin ni'imomi: dabbobin ni'ima a aya ta 5, naman teku a aya ta 14, nono a aya ta 66, zuma a aya ta 69. Abin da Mai shari'a Ya kira ni'ima ba ya zama zalunci, domin zalunci shi ne yin tasarrufi a mulkin wani ba da izininsa ba, dabba kuwa mulkin Allah ce, kuma Shi ne Ya yi izini. Aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ta hana muminai haramta daɗaɗan abubuwan da aka halatta musu. A ruwayar Muslim daga Anas, cikin sahabban da suka ɗaura niyyar tsananta wa kansu har da wanda ya ce ba zai ci nama ba, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi musu inkari, ya nuna cewa hakan kauce wa sunnarsa ne.

Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 790, ya rarrabe mas'alar a Al-I'itisam. Barin halal saboda yana cutar da jiki ko don gudun shubuha ba laifi ba ne. Barinsa da ƙudurin cewa barin kansa ibada ce shi ne bidi'a. Ƙin abu don ɗabi'a ma an yarda da shi: Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, bai ci damo ba saboda ransa bai so shi ba, Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa bai hana ba. A wasiƙun Ma'arri ya yi taka-tsantsan, bai furta haramci ba, ya fake da cewa barin mubahi halal ne. Sai dai lafazin wasiƙa da na waƙa sun saɓa, mai tarke kuma ba zai karanta ɗaya ya rufe ido ga ɗayan ba.

Aibi na uku na salo ne. An tambaye shi tambaya miƙaƙƙiya, ya amsa da saja'i da baƙin kalmomi da baitocin magabata, har Al-Mu'ayyad ya koka da haka. A Risalatul Gufran wannan salo ado ne. A muhawara kuwa ya zama labule, mai karatu yana fita yana mamakin yalwar lugga amma bai riƙe matsayin marubucin ba.

Raunin hujjojin Al-Mu'ayyad

Dacewa da hukunci ba ta nufin ingancin hanyar da aka bi zuwa gare shi. Hujjar namun daji ƙiyasi ne tare da bambanci. Zaki ba mukallafi ba ne, aikinsa ba ya zama dalilin halacci ko haramci. Da aikin kura hujja ne, da cin mushe ya halatta. Haka hujjar jerin halittu: iyakar abin da take nunawa shi ne cewa na sama yana amfana da na ƙasa, ba ta nuna iyakar amfanin ba, kuma duk azzalumi mai ƙarfi zai iya riƙon ta. Halaccin yanka a wurin Ahlus Sunna ya dogara ne a kan izinin Mai shari'a, shi ya sa aka sharɗanta ambaton sunan Allah a kansa.

Tambayar ko ya fi Allah jinƙai kuwa tana rufe baki, amma ba ta warware ishkali. Mas'alar raɗaɗin dabbar da ba ta yi laifi ba tsohuwa ce a ilimin kalami. An jingina wa Barahima cewa sun kafa hujja da ita don musun annabci, Baƙillani ya yi musu raddi a At-Tamhid. Mu'utazilawa, kamar Alƙali Abdul Jabbar, sun amsa da cewa wajibi ne Allah Ya musanya wa dabba wahalarta. Ash'ariyyawa sun ce babu abin da yake wajaba a kan Allah, kyau da muni na shari'a ne. Al-Mu'ayyad bai shiga wannan fage da gaske ba. A fahimtar mai wannan muƙala, abin da yake nema shi ne ya nuna gazawar hankali idan ya kaɗaita, domin ya ja mawaƙin zuwa ga aƙidarsu ta buƙatar imami ma'asumi mai koyarwa, aƙidar da Imam Gazali ya rushe daga baya a Fada'ihul Baɗiniyya. Dabba a wasiƙunsa tsani ce kawai. Ko sau ɗaya ba a ji ta dame shi ba.

Abin da Ma'arri ya gani daidai

A nan ne adalci ya wajaba. Lurar da Ma'arri ya yi cewa dabba tana jin zafi da tsoro da kewar ɗanta, shari'a ta riga shi tabbatar da ita. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci a mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da ya ga tana firgici. Hadisin Shaddadu ɗan Ausi a Muslim ya wajabta kyautatawa a yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, wani mutum ya samu gafara saboda karen da ya shayar. Ahmad ya ruwaito cewa da wani sahabi ya ce yana jin tausayin akuya idan zai yanka ta, sai aka yi masa bushara da rahamar Allah saboda wannan tausayi. Izzuddini ɗan Abdus Salam, wanda ya rasu a shekara ta 660, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a Ƙawa'idul Ahkam: a ciyar da su ko sun tsufa ba sa amfani, kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba, kada a haɗa su da abin da zai cutar da su, kada a yanka 'ya'yansu a gabansu. Game da yawan cin nama kuma, Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa gargaɗin Sayyidina Umar cewa nama yana da jaraba irin ta giya.

Da Al-Mu'ayyad ya amsa da waɗannan, da ya nuna wa mawaƙin cewa tausayinsa yana da mazauni a cikin shari'a ba tare da ya kira halal zalunci ba.

Amfanin muhawarar a yau

Masu mayar da Ma'arri magabacin Peter Singer, marubucin littafin 'yantar da dabbobi na shekara ta 1975, suna tsallake bambanci babba. Singer ya gina ra'ayinsa a kan lissafin daɗi da wahala. Ma'arri kuwa mai zuhudu ne da ya yanke ƙauna daga duniya har ya ƙi aure da haihuwa, kuma a wasiƙunsa yana magana da harshen neman gafarar Allah.

Duk da haka, tambayar da ya tayar ta dawo da sabuwar fuska. Denmak ta hana yanka ba tare da sumar da dabba ba a shekara ta 2014, yankuna biyu na Beljiyam suka bi sahu a 2019, Kotun Tarayyar Turai kuma ta halatta irin wannan doka a Disambar 2020. Musulmin da yake kare yankan shari'a a gaban waɗannan zai ƙarfafa ne da gwargwadon yadda aikinmu ya dace da nassoshinmu. A nan kuwa akwai abin kunya. Ana loda shanu a tirela daga kasuwanni irin su Potiskum da Wudil da Maigatari zuwa Legas, a cunkushe, cikin rana da ƙishirwa. Ana rataye kaji a babur kai a ƙasa. Ranar Layya ana yanka rago ɗan'uwansa yana kallo. Naman halal ne idan yankan ya cika sharuɗɗa, amma zunubin azabtarwar yana nan a wuyan mai yi, kuma darasin fiƙihun yanka da ya tsaya a kan maƙogwaro da jijiyoyi bai cika ba.

Kammalawa

Wasiƙun nan sun cancanci shiga manhajar ɗaliban usuli da adabi, domin suna koyar da rarrabe hukunci da hujjarsa. Cin nama halal ne da nassi da ijma'i, barinsa don lafiya ko ɗabi'a ko ƙarancin hali ya halatta, ƙudurce haramcinsa ɓata ne, azabtar da dabba kuma haramun ne a kan mai kiwo da direba da mahauci da mai gida. Aya ta 37 ta Suratul Hajji ta sanar da mu cewa abin da yake isa ga Allah daga hadaya shi ne taƙawa, kuma yadda aka riƙe dabbar kafin wuƙa ta hau wuyanta yana cikin wannan taƙawa. Allah ne Mafi sani.