Kiwon Discus: Sarkin Kifin Ado Da Ɗawainiyarsa

A shekarar 1840 ne Johann Jacob Heckel, masanin kifaye a gidan tarihi na birnin Biyena, ya fara bayyana wa masana wani kifi mai faɗi, kewayayye kamar faifai, wanda aka kamo a kogin Rio Negro na ƙasar Brazil. Shi ne discus. Yau masu kiwon kifin ado na kiransa sarkin tanki, sai dai sarautar tasa ta sha cinye kuɗin sababbin shiga.

Asalin ɗawainiyar daga gidansa take. A yankin Amazon yana rayuwa ne garke-garke a tsakanin rassan bishiyoyin da suka faɗa ruwa, inda ruwan ke da ɗumi, ga tsami, ga ƙarancin ma'adinai. Ruwan Rio Negro har duhu yake yi saboda ruɓaɓɓen ganye. Hayayyafarsa ma ta ba masu kiwo na farko ciwon kai, domin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe wani yauƙi da ke fita daga fatar uwa da uba suke tsotsa a kwanakinsu na farko. In aka raba su da iyayen, sai su mutu.

Masu haƙuri ne suka shawo kan lamarin. Eduard Schmidt-Focke a Jamus da Jack Wattley a jihar Florida ta Amurka sun shafe shekaru suna zaɓen iri, har suka fitar da masu launin shuɗi mai ƙyalli. A farkon shekarun 1990 Kitti Phanaitthi na Tailan ya fito da Pigeon Blood, sannan gonakin Penang a Malesiya suka cika kasuwa da launuka. Iyalin Stendker a Warendorf kuwa sun saba wa nasu kifin da ruwan famfo. Don haka yawancin discus ɗin da ke shago yau bai taɓa ganin Amazon ba, kuma abin da ya fi cutar da shi ba rashin tsamin ruwa ba ne, a'a, ruwan da ke sauya hali kullum saboda mai shi na ta zuba magunguna yana neman kwaikwayon kogi.

A nan ne al'adar kiwon ta rabu biyu. Hotunan mujallu na nuna manyan discus suna shawagi cikin tanki mai koren tsirrai da farin yashi. Amma a gonar da aka rene su, tankin fayau yake, ba yashi ba ganye, sai soso mai tace ruwa da na'urar ɗumama shi, kuma kullum ana zuƙe ƙazantar ƙasa a sauya ruwa mai yawa. Sabon shiga yakan kwaikwayi hoton, ya manta da gonar.

Kuskuren ya fi fitowa wajen saye. Ƙaramin discus mai tsawon santimita 5 ya fi araha, shi ya sa ido ke fara sauka a kansa, alhali shi ne ya fi wuyar riƙo. Yana bukatar ci sau da yawa a rana, galibi niƙaƙƙiyar zuciyar saniya da aka cire wa kitse, abincin da ke ɓata ruwa nan da nan. In ragowar ta maƙale cikin yashi, girmansa ya tsaya, kuma tsumburarren discus ba ya komawa daidai. Ana gane shi da ido: ƙwayar idon ta yi wa jikin girma, jikin kuma ya miƙe maimakon ya kewaye. Wanda ya kai santimita 10 zuwa sama ya fi tsada, amma ya riga ya tsallake wannan siraɗin.

Gogaggu ba sa biyan kuɗi sai sun ce wa mai shago ya zuba abinci a gabansu. Lafiyayye zai rugo gaban gilashi. Wanda ya yi baƙi ƙirin ya raɓe a lungu, ko goshinsa ya rame ya yi kaifi, ko yake jan farin kashi mai kama da zare, ko yake numfashi da gefe ɗaya, barinsa ake yi komai kyan launinsa. Kuma ba a sayen biyu ko uku, domin mai ƙarfi zai takura wa na ƙasa har ya daina ci. Biyar ko shida ne ke raba faɗan.

Shida kuwa na nufin tankin da ya kai lita 250 zuwa 300, da ɗumin digiri 28 zuwa 30. Kafin kifi ya shiga, sai matatar ta yi sati huɗu zuwa shida tana aiki, har ƙwayoyin bakteriya masu juya gubar amoniya su zauna a cikin soson. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, wannan babban abin dubawa ne, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, kuma bakteriyar kan mutu in matata ta daɗe a tsaye. Ruwan sauyi ma sai an kashe masa sinadarin kulorin, an daidaita ɗuminsa da na tanki.

Abokan zamansa 'yan kaɗan ne, irin su cardinal tetra da Corydoras sterbai, waɗanda ke jure wannan zafi. Hatta discus ɗan'uwansa ba a jefa shi kai tsaye. Masu kiwo da dama ba sa haɗa na gonakin Asiya da na Jamus, saboda kowanne na iya ɗauke da ƙwayar cutar da shi ya saba da ita amma take kayar da ɗayan. Duk sabon zuwa sai ya yi makonni a tankinsa daban, da tasa ragar kamu da nasa tiyon zuƙar ruwa, kafin a sa shi cikin garke.