Labarin wasa ƙwaƙwalwa a cikin aji

Duk taron horar da malamai da aka yi sai an ambaci Benjamin Bloom da matakan tunani shida da ya tsara da abokan aikinsa a 1956. Amma ka ce a shigo da labarin wasa ƙwaƙwalwa cikin aji, sai a yatsine fuska, wai hirar dare ce ta tsofaffi da jikoki. Masu wannan magana ba su taɓa zama sun ga yadda labarin yake aiki ba.

An daɗe da rubuta adabinmu na baka. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya shirya wa makarantu Tatsuniyoyi da Wasanni. Sai dai ajin ya rungumi Gizo, ya bar labarin da ke ƙarewa da tambaya, alhali shi ne ya fi amfani.

Ɗauki na samari uku masu neman yarinya ɗaya. Mai madubi ya hango ta tana jinya a wani gari mai nisa, mai buzu ya tashi da su sama har can, mai magani ya ba ta ta warke. Wa za a ba? A nan mai labari yake kame bakinsa, kuma gwanintar tana cikin wannan kamewa. Yaro na farko zai ce mai magani. Nan take wani zai tare shi: in ba a gani ba, wa zai je? Na uku ya ce gani ba zuwa, aikin banza. Can sai wata daga baya ta lura cewa madubi yana nan, buzu yana nan, magani ne kaɗai ya ƙare, don haka mai shi ne ya yi asara. To, ta canja ma'aunin gaba ɗaya, daga wanda ya fara zuwa wanda ya sadaukar. Wani lokaci har a sami mai tambayar me ya sa ba a ji ta bakin yarinyar ba. Wannan nakan so malami ya ba shi maki mafi yawa.

Ana kukan cewa tambayar da ba ta da amsa ɗaya ba ta makuwa. Tana makuwa sarai, hujja ake aunawa. Canki-cankan jarrabawar JAMB ne ya saba mana da lalaci.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Yaron da ya ƙure abokinsa da Hausa, in aka ce ya maimaita da Turanci a aji uku na firamare sai ya sunkuyar da kai, a rubuta masa daƙiƙi. A 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin, amma makarantun kuɗi da yawa har tara suke cin mai yin Hausa. Malamin da ke son muhawara ta gaske ya bar yara su fara fafatawa da Hausa, fassara ta biyo baya.