Jaridunmu da Muhawarar Harshen Koyarwa a Makarantun Firamare

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda jaridu da gidajen rediyo na Nijeriya suka gabatar wa jama'a muhawarar da aka yi a kan harshen da ya kamata a koyar da yara da shi a makarantun firamare. Ba za mu tsaya yanke hukunci a kan wane ɓangare ne ke da gaskiya ba. Abin da ya dame mu shi ne ko mai karatu ya sami abin da zai yanke nasa hukuncin da shi.

A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshe ta ƙasa, wadda ta tanadi a koyar da yara da harshensu na gida a shekaru shida na firamare. Ministan ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, da bakinsa ya faɗa cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Bayan shekara uku, wato a Nuwamban 2025, sai minista Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa ga Turanci tun daga ajin farko. Hujjar da ya kafa ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi rungumar koyarwa da harshen gida.

To, a nan ne aikin ɗan jarida ya kamata ya fara, amma a nan ne akasarin rahotanni suka tsaya. An kawo kalaman minista, an ɗora kanun labari, an wuce. Alhali kuwa ɗan lissafi kaɗan ya isa ya tayar da tambaya. Ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, shekara uku kafin a haifi manufar. Wanda yake aji shida lokacin da aka amince da ita ba zai kai ga wannan jarrabawa ba sai 2029. Shi kuwa wanda ya shiga aji ɗaya a 2023, wanda shi ne za a iya cewa manufar ta raina, sai 2035. Ashe ke nan an kama manufa da laifin faɗuwar yaran da ba su taɓa zama ƙarƙashinta ba. Masana da dama sun nuna wannan a shafukan ra'ayi, amma shafin ra'ayi dabam, labarin shafin farko dabam, kuma na biyun shi ne ke isa kunnen talaka ta rediyo.

Ana iya kare minista da cewa ba manufar 2022 kaɗai yake nufi ba, domin tun Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 aka tanadi fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke amfani da shi, sa'an nan a koma Turanci. Wannan magana ce mai nauyi, kuma da 'yan jarida sun bi ta da sun yi wa jama'a hidima. Sai su shiga aji su gani. Duk malamin da ya taɓa duba ɗaliban koyon aikin malanta a ƙauyukanmu ya san abin da ke can: littafin lissafi da Turanci, rubutun allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, malami kuma yana fassara da baki cikin Hausa don yara sun yi tsuru-tsuru. Wannan ba koyarwa da Hausa ba ce, ba kuma koyarwa da Turanci ba ce. Faɗuwar yaron da ya fito daga irin wannan aji ba ta zama shaida a kan kowane harshe ba.

Wani abin da rahotanni suka cakuɗa shi ne bambancin koyar da harshe da koyarwa da harshe. Na farko darasi ne a cikin jadawali, na biyu kuwa hanya ce ta isar da dukkan darussa. A Hausa ƙaramar gaɓa ɗaya ce ta raba su, saboda haka mai fassara labari cikin gaggawa yana iya sa mai sauraro ya ɗauka an hana karanta Hausa ɗungurungum. Haka nan kalmar "harshen uwa" da aka yi ta nanatawa ta rufe ainihin matsalar. A ƙasar da ke da harsuna fiye da 500, yaron Bajju ko Tangale da ke zaune a Kano da wane harshe za a koyar da shi? Wannan tambaya ta shafe mu, mu masu nazarin Hausa, fiye da kowa, kuma ba mu cika son a yi ta ba.

Sai kuma batun tarihi. Nijeriya tana da gwaji nata na kanta, wato shirin shekara shida na Jami'ar Ife wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. An koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi, sakamakon ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Masu goyon bayan harshen gida sukan ambaci wannan gwaji kamar ya kashe magana, su manta cewa an yi shi ne da harshe guda, da littattafan da aka shirya musamman, da malaman da aka horar. Masu adawa kuwa ba su ambatonsa sam. Jarida ce ya kamata ta ajiye shi a tsakiya, ta tambayi ma'aikatar ilmi littattafai nawa aka buga da harsunan gida tsakanin 2022 da 2025, malamai nawa aka horar, kuma nawa aka ware a kasafin kuɗi.