Duwatsun murhu ba su cewa a'a

Tun muna koleji mushe ya zana mana murhu a allo: duwatsu uku, tukunya a bisa. Ya ce dutse na farko majalisa ce mai yin doka, na biyu gwamnati mai zartarwa, na uku shari'a. Tukunyar kuma ƙasa ce, in anka zare dutse guda, tuwo ya kife. Munka hardace, munka zuba a jarabawa, ni har maki mai kyau na samu. Sai daga baya na gane misalin nan yana da rami. Duwatsun murhu ba su gardama, inda uwar gida ta aje su nan suke kwana. Alhali Bafaranshen da ake jingina wa wannan tunani, Monteskiye, abin da ya dame shi a littafinsa na 1748 shi ne duk mai iko yana son ƙari, kuma babu mai tsai da iko sai wani iko. Ke nan an raba rassan ne don wani ya iya ce wa wani a'a.

Abin da ya tado mini da zancen wata gardama ce da munka yi a fada lokacin hutu. Wani abokina da ke karatu Katsina ya zo gida Madarunfa, muna shayi, sai ya ce: “Ku dai matsalarku guda ce, komi sai an tambayo Yamai. Gwamnan Maraɗi naɗo shi ake, perefe naɗo shi ake. Ku tsallaka Ɗan Isa ku shiga Jibiya ku gani, can gwamna zaɓensa ake, jiha da majalisarta da kotunanta. Tarayya ita ce magani.” Fada ta ɗauka, kowa na cewa aradu gaskiya ne. Ni ban yarda duka ba, ga dalilina.

Mu fara da hujjarsa mafi ƙarfi, tazarce. A Najeriya, cikin 2006, anka nemi gyara kundin tsarin mulki don Obasanjo ya samu wa'adi na uku. Ranar 16 ga Mayu majalisar dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta yi watsi da gyaran. Zance ya mutu, shugaba ya sauka a 2007. A nan gida, cikin 2009, Tanja Mamadu ya nemi ƙarin shekara uku, ga shi kundin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu kuma ya hana a taɓa wannan ƙa'ida. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Fatimata Bazeye, ta ce bai halatta ba. Ranar 26 ga Mayu ya rusa majalisar dokoki. Kotu ta sake cewa a'a ranar 12 ga Yuni, ranar 29 ga Yuni ita ma ya rusa ta. Anka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, kuma ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojojin Salu Jibo sunka kawo ƙarshen wasan.

To ku duba da kyau. A ƙasashen biyu an samu masu cewa a'a, kuma alƙalanmu ba su gaza sanatocin Abuja ƙarfin hali ba. Bambancin shi ne a can wanda ya ce a'a ya kwana a kujerarsa, domin shugaban Najeriya ba shi da ikon rusa majalisa. A nan wanda ya ce a'a shi anka kora. Na yarda tarayya ta ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar, tunda gyaran kundi a Najeriya sai ya bi ta majalisun jihohi 24 cikin 36. Amma a 2006 ba a ma kai ga wannan kwaɗo ba, na farko ne ya riƙe.

Yanzu mu tsallaka Jibiyar da abokina ke yabo. Jibiya ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 774. Shekara da shekaru kuɗinsu na sauka cikin asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni da yawa kuma su rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Sai da gwamnatin tarayya ta kai jihohin 36 ƙara, kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ina majalisun jihohi duk tsawon wannan lokaci? Galibinsu ƴan amshin shata ne, abin da gwamna ya aiko shi ake bugawa hatimi. In haka ne, tarayya na iya raba babban sarki guda ta mai da shi ƙananan sarakuna 36. Talakan da ke ƙauye bai damu ba ko daga Abuja bulalar ta taso ko daga gidan gwamnati.

Kada kuma a ɗauka cewa a'a kaɗai ta wadatar. Iyayenmu sun ga 1995, sa'ad da Mahaman Usman ke shugaban ƙasa, ƴan adawa sunka ci rinjaye a majalisa, Hama Amadu ya zama firaminista. Kowa ya ja daga, har taron ministoci ya gagara. Ba a samu alƙalin da duka biyun za su ji maganarsa su sauko ba, ranar 27 ga Janairun 1996 Ba'are Mainasara ya raba faɗan da bindiga. In rassa sun kasa warware rikicinsu, dutse na huɗu ke shigowa, wanda mushe bai zana mana ba. Ga mu dai a yau: tun cikin Yulin 2023 an dakatar da kundin 2010, kuma cikin Afrilun 2024 anka rusa majalisun gundumomi da na jihohi. Kowa da ra'ayinsa a kan haka, amma darasin murhu ba ya iya bayyana mana shi.

Abin da ya fi ba ni haushi a darasin shi ne yadda ake kawo shi kamar kayan da Nasara ya sauke mana. A nan Katsinar Maraɗi akwai Rukuni, wato Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durbi. Su ke zaɓen sarki, kuma sarki mai hankali ba ya yanke babban al'amari ya bar su a baya. Ban ce dimokuraɗiyya ce ba, talaka ba shi da kujera a wurin. Amma kakanninmu sun san ba a damƙa wa mutum guda wuƙa da nama. Da daga nan anka fara mana darasin, da mun ɗauke shi namu.

Na ce wa abokina, in an kawo mini kowane tsari, na tarayya ne ko na dunƙule, tambayoyi uku zan yi. Wa ke naɗa alƙali, wa ke iya tsige shi? Wa ke riƙe da mabuɗin baitulmali? Wanda ya ce wa shugaba a'a yau, gobe yana ofis ko yana gida? Ya yi shiru, ya ce a zuba masa shayi na uku.

Kafin mu gyara Yamai ko Abuja, mu dubi kanmu. Na taɓa zama cikin wata ƙungiyar ɗalibai inda shugaba shi ke kiran taro, shi ke riƙe kuɗin karo-karo, shi kuma ke karanta mana lissafi. Ranar da jika biyar ta ɓace, wanda ya tambaya shi anka ce ba shi da ladabi, ni kuma na yi gum don kada a ce ina neman kujera. Har yau ina jin kunyar wannan shiru. Saboda haka ga shawarata ga taronmu mai zuwa: kuɗin fotokofin wannan ɗan littafi, mai yanke shawarar kashe su daban, mai riƙe su daban, mai duba lissafi daban, kuma a rubuta cewa shugaba ba ya iya cire mai duba lissafi. In mun kasa haka a kan jika biyar, da wane baki za mu yi wa manya gori?