Littafin da ke sa tsohuwar Mauser ta faɗi gidansu

Tsohuwar bindigar farauta mai sakata ba ta faɗin asalinta da sauƙi. Ƙarfen ya yi baƙi, katakon ya sha hannu har ya yi sulɓi, sai 'yan tambura ƙanana kamar ƙwayar gero a gefen ƙarfen, kowa kuma da nasa fashin baƙin. Wannan ya ce ta Jamus ce, wancan ya rantse ta Ingila ce. Littafin "Mauser: Original Oberndorf Sporting Rifles" na Jon Speed da Walter Schmid da Reiner Herrmann, wanda kamfanin Collector Grade na Kanada ya buga a 1997, shi ne ya kashe mini wannan gardama, kuma wallahi ban san wani littafin bindigogi da nake ƙauna kamarsa ba.

Matsalar ta samo asali ne daga farin jinin bindigar kanta. Tun da sojojin Jamus suka karɓi ƙirar Paul Mauser a 1898, duniya ta yi ta kwaikwayonta. Miliyoyi aka ƙera don yaƙi. Bayan 1945 sojojin Amurka suka koma gida da su, maƙera suka rage katakon, suka lanƙwasa hannun sakatar, suka mayar da su na farauta. Ƙananan maƙeran garuruwan Suhl da Zella-Mehlis na Jamus ma sun daɗe suna wannan aiki, wasu kuma da gwaninta ƙwarai. A tsakiyar wannan taro akwai 'yan asali, waɗanda masana'antar Mauser da ke garin Oberndorf a bakin kogin Neckar ta ƙera don farauta tun daga farko. Su littafin yake koya maka ganewa.

Kuma yadda yake koyarwar, kai, madalla! Ya sa ka fara da rubutun da ke jikin ƙarfen: in ka ga Waffenfabrik Mauser, tsohon sunan kamfanin ke nan, in kuwa Mauser-Werke ne, to bayan sauya suna a 1922 aka yi ta. Sai tamburan gwaji, waɗanda ni su suka fi tafiya da hankalina. Dokar Jamus ta 1891 ta wajabta a gwada kowace bindiga kafin a sayar, shi ya sa za ka ga haruffan B da U da G, kowanne da kambin sarauta a kansa. Da dokar 1939 ta zo, sai gaggafa bisa harafin N ta maye gurbinsu. Ka ga da kallo ɗaya ka raba zamani biyu. Akwai kuma wasu lambobi a ƙarƙashin bututun da mutum zai ɗauka lambar bindigar ce, alhali faɗin ramin suke nufi bisa tsohon lissafi: 222,5 na nufin milimita 7, 156,14 kuma milimita 8. Ranar da na fahimci wannan, daɗi ya hana ni zama wuri ɗaya. In kuwa ka ci karo da "byf" ko "S/42", to lallai Oberndorf ce ta yi ta, amma ta soja ce aka sauya wa kama.

Samfuran ma ga su da hotuna masu kyau: A mai siffar Turawan Ingila, B mai siffar Jamusawa, sai M da S gajeru waɗanda katakonsu ya kai har bakin bindiga.

Sashen da na fi komawa kansa shi ne na alaƙar Mauser da Ingila. Kamfanin Rigby na Landan shi ne wakilin Mauser a can har 1912. Saboda haka kana iya samun bindiga da sunan Rigby da tamburan Landan, amma sakatarta da gidan sakatar a Oberndorf aka ƙera su. Harsashin da Turawan Ingila ke kira .275 Rigby shi ne dai 7x57 na Mauser, wanda maharbin nan W.D.M. Bell ya kashe ɗaruruwan giwaye da shi a Afirka. Ashe masu gardamar Jamus da Ingila duk suna iya yin gaskiya a kan bindiga ɗaya.

Sanin faɗin ramin bindiga kuma yana iya ceton rai. Harsashin 8x57 iri biyu ne: tsoho mai ɗan siranta, da na 1905 mai harafin S wanda ya fi kauri. Bindigogin farauta da yawa sun ci gaba da tsohon ramin shekaru bayan haka, kuma cusa mai kaurin a cikinsu haɗari ne babba.

Abin da ya ƙara mini ganin girman marubutan shi ne halin da suka yi aikin. Faransawa sun mamaye Oberndorf a 1945, daga baya aka kwashe injina aka rushe yawancin masana'antar. Daga abin da ya tsira suka haɗa jerin lambobi da shekaru, har mutum zai iya duba lambar bindigarsa ya kimanta lokacin da ta bar masana'anta. Allah ya saka musu. Littafin ya yi wuyar samu yanzu, na hannu ma da tsada ake sayar da shi, amma in ka gan shi kada ka tsaya ciniki.