A Bar wa Matuƙi Tsohon Bariyonsa

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da rana tsaka ya ga shirwa tana shawagi ba ta kaɗa fiffike, ya riga ya san yadda jirgin sama mara inji ke tafiya. Iska mai zafi ce ke tasowa daga ƙasa, matuƙi ya nemo ta ya hau. Abin da ke gaya masa ya same ta shi ne bariyo, na'urar da ke nuna hawa jirgi yake ko sauka.

A ƙungiyoyin tuƙi na Jamus, inda wasan ya kafu tun gasar tudun Wasserkuppe ta 1920, yayin da ake yi yanzu shi ne cire tsofaffin na'urori masu tsinke, a kafa babban allo irin na kamfanin LXNAV, mai nuna taswira da nisan filin sauka. Allon yana da amfani, ban musa ba. Amma ban yarda a tumɓuke tsohon bariyo saboda shi ba, musamman irin na kamfanin Winter. Wannan ba ruwansa da batir. Wani ɗan tulu ne a ɓoye: jirgi ya hau, iskar cikinsa ta fita; ya sauko, ta koma; tsinke ya motsa. Jirgin nan ba shi da injin da zai yi wa batir caji. Idan batir ya mutu bayan awa biyar a sama, allon ya zama baƙin gilashi, tsinken kuwa yana nan yana aikinsa.

Inda nake so a zuba kuɗi daban ne. Jirage goma na iya taruwa cikin iska guda suna kewayawa, fiffike kusa da fiffike, kuma karo ya ci rayukan matuƙa da dama. Shi ya sa aka ƙirƙiro FLARM a Suwizalan a 2004, na'urar da ke yin ƙara idan wani jirgi ya nufo ka. Duk jirgin da bai da ita, wannan ce sayayyar farko. Rediyo kuma doka ta riga ta yanke, tun da Turai ta wajabta sabon tsarin tazarar tashoshin rediyo na 8.33 a 2018. Sai bariyo mai sauti, wanda kunne ke ji ba sai an sunkuyar da kai ba.

Sunkuyar da kan nan shi ke damuna. Allo yana jan ido kamar waya a hannun yaro, alhali idon matuƙi a waje ya kamata ya zauna, kan gajimare da sauran jirage. A jiragen koyo irin su ASK 21, ina so ɗalibi ya fara sanin tsinke da ɗan zaren ulun da ake liƙawa a gilashin gaba, wanda ke nuna ko jirgin ya karkace, kafin a kunna masa taswira.