Kafin ka sauke laburare, buɗe fayil ɗin tukuna

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani wajen matasan da suka fara koyon rubuta manhaja, kuma ba ta yi mini ba. Da zarar aiki ya zo ga tsefe rubutu, wato a shiga cikin tarin haruffa a zaƙulo abin da ake nema, sai a garzaya GitHub a duba wane laburare ya fi taurari, ko a tambayi ChatGPT ya ambaci suna, a sauke shi, a wuce. Fayil ɗin da za a yi aiki a kansa kuwa ko leƙa shi ba a yi ba.

Ni ma ta nan na bi. Na taɓa son tattara kanun labarai daga wani shafin Hausa, na ɗauko Beautiful Soup, laburaren da Leonard Richardson ya fitar a 2004, don kowa shi yake kira. Aiki ya tafi, amma duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke sai na ga wasu alamomi marasa kan gado. Kwana biyu ina zargin laburaren, ashe ni ne na buɗe fayil ɗin ba tare da faɗa wa Python cewa UTF-8 ne ba. Da na san yadda kwamfuta ke ajiye haruffa, da minti biyar ya isa.

Tun daga nan nake cewa siffar bayanai ce ke zaɓar kayan aiki. In JSON ne ko CSV, Python ta zo da nata a ciki, ba sai ka sauke komai ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. In shafin intanet ne mai kurakurai, Beautiful Soup zai yi haƙuri da shi. In XML ne mai girma kana son sauri, lxml ya fi, domin a kan libxml2 da aka rubuta da yaren C aka gina shi. ANTLR na Terence Parr kuwa na wanda ke ƙirƙirar ƙaramin yare ne mai nahawunsa. Ɗan koyo da ya ɗauko shi don raba lambobin waya daga sunaye ya ɗauki gatari don yankan farce.

Wasu za su ce ai ba a sake ƙirƙirar abin da aka riga aka yi. Gaskiya ne, ni ma ba zan ce kowa ya rubuta nasa mai karanta HTML ba. Amma kowane laburare bashi ne. A watan Maris na 2016 aka cire left-pad, ɗan kod mai layi 11 kacal, daga npm, sai manyan ayyukan da suka dogara da shi irin su Babel suka tsaya cik.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya rubuta ƙaramin mai tsefe lissafi da hannunsa sau ɗaya, wanda zai gane cewa a 2+3*4 ninkawa ake fara yi. Ranar da ya samu 14 maimakon 20, zai iya karanta bayanin kowane laburare ya san ko shi yake buƙata.